Ranar Da Jimina Ta Fito Yawo A Titin Yerwa

Yau ba maganar tsadar kaya zan yi ba, maganar dabbobi ce, kuma na san tun kafin in yi nisa wani zai ce yaron nan ba shi da aikin yi. To ba komai, Babanmu ma haka ya ce, kuma a gaban mutane ya faɗa. Ina dai roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya bi ni a hankali, domin ni ba wani dogon boko na yi ba, sakandare na gama na koma shago. Abin da na gani da idona, da wanda na ji a bakin manya, da ɗan abin da na karanta, shi zan faɗa.

Kakana daga Kano ya zo Maiduguri tun ba a haifi Babanmu ba, ya sauka a Hausari kamar yadda mafi yawan mutanenmu suka yi. Fatu ne suka kawo shi. Yana sayen fatar akuya da ta tunkiya da ƙirgi yana aikawa majema a Kano, amma Baba ya ce inda ribar take a wancan zamani shi ne fatar mesa da ta kada da ta guza, waɗanda maharba da masunta suke kawowa daga wajen Baga da bakin Tafkin Chadi. Da wannan kuɗi aka gina gidan da aka haifi Baba, da shi aka yi masa aure, da shi aka kama shagon da muke sayar da takalma da jakunkuna a Kasuwar Monday. Ni kuwa a Gwange aka haife ni. A nan Barebari suna kiranmu Afuno, idan kuma muka je Kano biki 'yan uwa su ce ga Barebari sun zo, wai Hausarmu ta karye. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta fatu, za mu dawo kanta.

Duk yaron da ya tashi a garin nan ya san Sallah ba ta cika ba sai an je gidan zu, wato Sanda Kyarimi da ke kan titin Shehu Laminu. An buɗe shi a farkon shekarun 1970, lokacin Maiduguri tana hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a ƙarƙashin Gwamna Musa Usman, kusan lokaci guda da na Kano wanda Audu Bako ya yi. Sunan Shehun Borno Sanda Kyarimi aka sa masa, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1967. Mu dai a lokacin ba ruwanmu da wannan tarihi. Abin da muka sani shi ne a tara barka da Sallah, a sa sabon yadi, a cika aljihu da gyaɗa da alawa, a je a yi ta turereniya a bakin ƙofa har hular mutum ta faɗi. A ciki akwai inuwar da babu irinta a unguwarmu, ga masu hoto, ga masu ƙanƙara, ga warin kejin kura da tun daga nesa yake sanar da kai ka kusa.

A ƙaramar Sallar 2008 na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Mun tsaya a wajen kadoji, ga wani ƙato ya fito bakin ruwa ya wangame baki, ko ƙifta ido ba ya yi. Abokina ya ce na roba ne, gwamnati ce ta ajiye don a ci kuɗinmu. Ni kuma don in ƙaryata shi sai na ɗauki dutse na auna na jefa, ya same shi kusa da ido. Ban ankara ba sai na ji an riƙe mini kunne ta baya. Wani dattijo ne Babarbare cikin ma'aikatan wurin, da tsage a fuska, da bokiti a ɗaya hannun.

Ya ce, "Kai ɗan Afuno, me ya yi maka?"

Na ce, "Baba ka yi haƙuri, so nake ya motsa."

Ya ce, "To ɗana, kai in kana kwance a ɗakin uwarka wani ya jefe ka don ya ga ko za ka motsa, yaya za ka ji?"

Na zaci duka zan sha, amma sai ya zaunar da mu ya yi mana karatun da ba a taɓa yi mana a makaranta ba. Ya ce kada ba shi da ɗumin jiki nasa na kansa kamar mu, sai ya sha rana jikinsa ke yin aiki, buɗe bakin nan kuma iska yake sha don kansa ya huce. Ba lalaci ba ne, haka Allah ya yi shi, kuma yana iya daɗewa ƙwarai bai ci komai ba. Daga nan ya karkato bokitin ya nuna mana abin da ya tsinto a wajen jiminu tun safe: ledar ruwa, murfin kwalba, ƙusa, cingam, har da batir. Ya ce jimina tana haɗiye tsakuwa don ta niƙa abinci a cikinta, saboda haka duk abin da ya yi ƙyalli ko aka miƙa mata haɗiyewa take yi, kuma leda ɗaya tana iya toshe mata hanji ta mutu. Ya ce ranar Sallah ita ce ranar da kowa yake murna ban da shi da dabbobinsa. Wallahi tun daga ranar ban ƙara jifan ko ƙadangare ba.

Shekara guda bayan wannan, a Yulin 2009, garin ya rikice, sauran labarin kuma kowa ya san shi. Aka hana acaɓa a 2011, aka yi shekarun dokar hana fita, aka yi Sallolin da ko mota ba a yarda ta motsa ba. Mu da muka girma a cikin wannan hali, in aka ce Sambisa ba abin da ke zuwa mana a rai sai tashin hankali. Baba ne ya taɓa ce mini, kai ba ka san Sambisa gandun namun daji ba ne? Na ɗauka wasa yake yi. Ashe tun 1958 Turawan mulki suka keɓe wurin, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Maiduguri, kuma akwai lokacin da ake samun giwa da damisa da kura da jimina da gwanki a ciki, har baƙi suna zuwa kallo suna kwana. A 1991 aka kafa Gandun Daji na Ƙasa na yankin Tafkin Chadi, mai hedikwata a nan Maiduguri, da ɓangarensa na Chingurmi-Duguma da ke maƙwabtaka da gandun Waza na Kamaru. Duk wannan a ƙofar gidanmu, amma ni ɗan garin ban taɓa ganin ko barewa a daji ba. Iyakacin abin da na sani na namun dajin Borno shi ne abin da ke cikin keji a titin Shehu Laminu.

To sai ga daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar Talata 10 ga wata. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama a 1986 a kan kogin Ngadda, ta ɓalle. Manya sun sha ba mu labarin ambaliyar 1994, amma su da kansu suka ce wannan ta fi. Mu a Gwange ruwa ya shigo mana cikin dare, kafin mu gama tattara takardu ya kai ƙugu, kafin mu fita layi ya kai ƙirji. Ni na goya ƙanwata, Baba ya riƙe Umma, muka hau benen wani maƙwabci, a nan muka kwana biyu kafin motar sojoji ta kwashe mu, muka tafi Bulumkutu wajen ƙanin Umma. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa, ya shiga Kasuwar Monday wadda ko farfaɗowa ba ta gama yi ba daga gobarar Fabrairun 2023. Fursunoni 281 suka fita daga gidan yari da katanga ta faɗi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutum 400,000 ne suka bar gidajensu. An rasa rayuka, akwai waɗanda na sani a ciki, Allah ya jiƙansu da rahama.

A Bulumkutu, da aka samu aka yi cajin waya, sai ga wani bidiyo yana ta yawo: jimina tana tafiya a tsakiyar titi cikin ruwa, tana ɗaga dogayen ƙafafun nan, tana waige-waige kamar baƙuwar da ta sauka a tasha ba ta san kowa ba. Duk ɗakin aka fashe da dariya, kuma ita ce dariyar farko da aka yi tun da muka baro gida, har Umma sai da ta murmusa. Ni ma na yi. Daga baya sai ga sanarwar Babban Manajan gidan zu, Ali Abatcha, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin wurin sun mutu, kuma ruwa ya kwashe kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni, jama'a su yi hattara. Nan dariyar ta tsaya mini a wuya. Jimina ta fito ne don Allah ya ba ta tsawo. Sauran fa?

Bayan kamar mako biyu muka koma kwashe laka. Ranar ta uku muna cikin aiki sai ihu ya tashi a bayan layinmu, wai ga mesa a ƙarƙashin katangar da ta rushe. Kafin ka ce kwabo matasa sun taru da sanduna da shebur. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, ni ma da sanda a hannuna, kuma da a ɗakinmu na same ta kusa da ƙanwata ni zan fara kai mata duka. Ko daga gidan zu take, ko daga bakin kogi ruwa ya kawo ta, babu wanda ya tsaya tambaya. Da aka gama aka ja ta waje aka miƙe ta a kan laka, sai Baba ya zo ya tsaya a kanta ya yi shiru, yana bin ta da ido daga kai zuwa wutsiya. Na san wannan kallo, kallon ɗan kasuwa ne. Can ya ce, "Sun ɓata fatar. Da Kakanku yana nan da ya yi musu faɗa, ba a dukan mesa a gadon baya."

Da muka sake buɗe shago na yi kuskuren tayar da maganar dabbobin gidan zu a gaban maƙwabtanmu na kasuwa. Baba ya ajiye takalmin da yake gogewa ya ce, "Kai yanzu don Allah, an binne mutane, jarinmu ya tafi sau biyu a shekara biyu, kai kuma kura kake wa zaman makoki? Ba ka da aikin yi ne?" Aka yi mini dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba." Ban ƙara cewa komai ba, don ba a musu da uba a kasuwa.

Kuma gaskiya Baba bai yi ƙarya ba, ran ɗan Adam yana gaba, babu mai hankalin da zai bar yaro a ruwa ya tafi ceton biri. Ba na kuma ganin laifin ma'aikatan wurin, mutanen da su ma a daren nan 'ya'yansu suke goye da su kamar yadda na goya ƙanwata, kuma ko da sun isa wurin, wa zai buɗe wa zaki ƙofa a cikin gari da tsakar dare? Amma ga abin da ya hana ni barci. Mu da ruwa ya zo mun gudu. Akuyar maƙwabcinmu ta tsinke igiya ta hau tudu. Karnuka sun yi iyo. Waɗancan kuwa akwai kwaɗo a ƙofarsu, kuma saboda mu aka sa kwaɗon, don ni da ire-irena mu zo ranar Sallah mu biya kuɗi mu yi kallo. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Malam bai ce mana kyanwa ta fi mutum ba. Abin da na fahimta shi ne duk abin da ka kulle, haƙƙinsa ya dawo wuyanka. To wuyan wa? Na gwamnati kaɗai, ko har da mu 'yan kallo?

Riƙon irin waɗannan dabbobi ba ƙaramin abu ba ne, mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa gane lissafin. Babban zaki yana bukatar nama kamar kilo 5 zuwa 7 a rana, je ka tambayi mahauci nawa ke nan a wata. Giwa tana cin ganye da ciyawa fiye da kilo 100 a rana, ta sha ruwa fiye da lita 100, kuma ba ta san an yi hutu ko albashi ya makara ba. Ga likitan dabbobi, ga magani, ga gyaran keji. Mu kuwa kuɗin ƙofar da bai kai na farantin shinkafa ba muke yi wa ƙorafi, wasu ma katanga suke haurawa. Ba mu tuna gidan zu sai ranar Sallah, ko ranar da wani abin dariya ya faru, kamar a 2019 da aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, har sai da Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a wurin. Wata guda ana raha da wannan labari, ban ji wanda ya tambayi abin da dabbobin suka ci a ranar ba.

Ni a ganina ma keji ba shi ne kiyaye namun daji ba. Duk wanda ya taɓa ganin kura tana kai da komo a taku biyar, daga bango zuwa bango, tun safe har yamma, ya san ba lafiya ba ce, damuwa ce. Amfanin gidan zu guda ɗaya da na yarda da shi shi ne ɗan talaka kamata ya ga abin da idonsa, ya samu wani dattijo ya riƙe masa kunne. Ainihin aikin a daji yake. Kuma kada wani ya ce mini sai Turawa ke iyawa. Nan Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996, su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma. Gwamnati ta hana kashe su, aka jawo manoman wurin a jiki, matasa suka zama masu yi wa baƙi jagora suna samun na cefane, sai ga su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. A nan Borno ma, a Disambar 2019 an hango garken giwaye kusan 250 daga jirgi mai saukar ungulu a kusa da Rann, abin da ya ba masana mamaki, domin giwayen da aka san suna zaune a Nijeriya duka ba su wuce 400 ba, mafi shahara su ne na Yankari a Bauchi. Sai dai fa manomin Kala Balge da giwaye suka tattake masa gona a dare ɗaya ba zai ji daɗin wannan labari kamar yadda na ji ba, kuma duk wanda zai yi maganar kiyaye giwa bai yi maganar wa zai biya wannan manomi ba, to surutu yake yi.

Yanzu bari in dawo kan fatu, in kuma taɓo mu Hausawa, kada a ji haushi. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Kukawa ya bi ta Bilma zuwa Tarabulus da gashin jimina da hauren giwa, akwai hannun fatake irin kakanninmu a ciki. Maharbi shi ke kisa, amma ba ya kisa sai ya san akwai mai saye. Su waye ke yawo gari-gari da kura da takunkumi da biri a sarƙa suna tallar magani? Su waye ke baza kan ungulu da fatar damisa a kan tabarma a bakin kasuwa? Baba da kansa yake ba ni labari cewa suna yara ungulaye har rufe mayanka suke yi, ni kuwa ban tuna ranar da na ga ungulu a sararin Maiduguri ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu yana cikin manyan dalilai. Doka kuwa akwai ta tun 1985 da ta hana fataucin irin waɗannan dabbobi, har a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja. Ba na zagin Kakana, Allah ya jiƙansa, a zamaninsa halal ɗinsa ya nema kuma dajin cike yake. Amma mu da muka zo muka tarar da dajin wayam ba mu da uzurinsa.

Akwai wata magana da muke fakewa da ita, wai mu baƙi ne, nema muka zo yi, gida yana can. Kakana a maƙabartar Gwange yake kwance. Babana bai taɓa yin wata uku a jere a Kano ba. Ruwan Alau da ya zo bai tambayi waye Afuno waye Babarbare ba. In dai kogin nan da dajin nan ba namu ba ne, to ban san inda namu yake ba.

Ana saura kwana kaɗan azumin 2025 wani tsoho ya zo shago da jikoki biyu zai saya musu silifa. Tsagen fuskarsa na fara ganewa. Na ce, "Baba, ba kai ne kake aiki a gidan zu ba?" Ya ce shi ne, amma ya daɗe da yin ritaya. Na ba shi labarin dutse da kada, bai tuna ni ba, ya ce yaran da ya ja wa kunne sun fi dubu. Na tambaye shi ko ya leƙa wurin bayan ruwa. Ya ce ya je har bakin ƙofa ya juyo. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, akwai waɗanda da hannuna na ba su madara a kwalba." Babanmu yana gefe yana jin mu bai ce uffan ba, amma da tsohon ya zo biya sai ya karɓi kuɗin ƙafa ɗaya ya ce ɗayar ta yara ce.

Bayan Sallah kuma wani mutum ya shigo da buhu, ya leƙa hagu da dama, ya ce an ce masa gidanmu gidan fatu ne tun asali. Ya zaro fatar kada guda biyu da ta mesa ɗaya, an shanya su da kyau, babu tabo ko ɗaya. Na ga hannun Baba yana shafa cikin fatar, na ga kallon nan ya dawo, kuma na san halin da jarinmu yake ciki. Na matsa kusa na ce a hankali, "Baba, don Allah." Bai ko dube ni ba. Ya tambayi kuɗi, aka faɗa, ya taya, aka yi ta ja har kusan rabin awa. Can sai ya naɗe fatun ya mayar cikin buhu ya ce wa mutumin, "Malam, Allah ya kawo kasuwa, mun bar wannan layi." Da mutumin ya fita na ce, "Baba na gode." Ya ce, "Godiyar me? Tsada ya yi. Tashi ka ɗauko mana ruwan alwala."

Har yau ban sake taka ƙafata cikin gidan zu ba, nakan wuce ta gabansa a Keke Napep in kau da kai. Ƙanwata ce ta matsa mini, tun da ta ga bidiyon nan take tambaya ina jiminar ta tafi, wa ya ba ta abinci, ko ita ma an kai ta Bulumkutu. Na yi mata alkawarin in Allah ya kai mu Sallah zan kai ta mu tambaya, da sharaɗin za ta bar alawa da cingam a gida, ni kuma zan riƙe buhun da za mu tsince leda.